Yaya zan rubuta wadda ta kuɓuta daga ƙungiyar asiri?

Alƙalami: 'Yan uwa marubuta, jarumar labarina ta tsere daga hannun wani shugaba mai da'awar wahayi. Yaya zan nuna ciwon da ke ranta ba tare da na mai da ita mahaukaciyar kasuwa ba?

Tsohon Edita: Fara da yadda aka kama ta. Duba Jim Jones, shugaban wata ƙungiyar addini: ya fara da ciyar da talakawa a Amurka, ya kwashe mabiyansa zuwa dajin ƙasar Gayana a Kudancin Amurka, ya karɓe fasfo ɗinsu, lasifika na tashi dare da rana, barci ya gagara. A Nuwamban 1978 mutum fiye da 900 suka mutu. Alheri ne ƙugiyar farko, tsoro daga baya yake zuwa.

Malamar Jinya: Ciwon firgici, wato wanda ke biyo bayan mummunan tashin hankali, ba ya sa mutum tsince-tsince a bola. A ba ta mafarkin tsoro, zabura idan ƙofa ta buga, gudun wani ƙamshi ko waƙa. Likita ba ya tabbatar da shi sai alamun sun wuce wata 1. Kuma don Allah kada ta warke a babi guda.

Mai Nazari: Bar ta ta riƙa kewar shugaban wani lokaci. Nan mai karatu zai ji tsikar jikinsa ta tashi.