Neman Kalma: Motar da Tayoyin Bayanta Suka Fi na Gaba Faɗi

Jama'a, ku taya ni neman suna. Masu motocin gudu suna da wani tsari da Turawa ke kira staggered, wato a sa tayoyi masu faɗi a baya, sirara a gaba. Duk lokacin da na zo bayaninsa sai na yi jimla guda, alhali kalma biyu ya kamata su isa.

Ga abin a zahiri. Porsche 911 Carrera S ƙirar 992 tana fitowa da tayar gaba mai faɗin milimita 245, ta baya 305. Injinta a can baya yake, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinta a kan tayoyin baya ya sauka. Ka taka totur kuma, nauyi ya ƙara komawa baya. Siririyar taya a nan sai ta yi ta juyi a wuri guda tana hayaƙi, mai faɗi kuwa ta damƙi kwalta ta tura. A kwana ma ita ke hana wutsiyar mota kaɗawa ta juyo da kai inda ka fito. Lamborghini Countach LP400 S ta 1978 har mai faɗin milimita 345 aka sa mata a baya.

Wani ya ce a kira shi "taya wari-wari". Ban yarda ba. Wari-wari takalmin da aka saka bisa kuskure ne, dama daban hagu daban. Wannan kuwa da gangan injiniya ya yi, kuma dama da hagu daidai suke.

Wani ya kawo "faɗin-baya". Yana da sauƙi a baki, sai dai duk wanda na gwada wa sai ya yi murmushi, hankalinsa ya bar mota. Mu bar shi nan.

Ni na fi karkata ga "takun zomo". Dubi zomo: ƙafafun gaba ƙanana, na baya dogaye masu ƙarfi, da su yake zabura. Kuma "taku" ya dace, don maganar duk a kan inda roba ke taɓa ƙasa take.

Sunan har da aibin yake ɗauka, domin takun nan ba kyauta ba ne. Baya ya riƙe ƙasa fiye da gaba, ka shiga kwana da wuta, ka karya sitiyari, mota ta yi maka kunnen ƙashi ta miƙe. Ba ka da damar musanya tayoyin gaba da na baya don su cinye tare, na baya su riga ƙarewa, su ne kuma masu tsada. Abin da ya fi ba ni tsoro ruwan sama ne: taya mai faɗi ruwan da za ta kora ya fi yawa, in ta gaza sai ta hau kansa ta yi iyo, birki da sitiyari su zama ado. Ga bin sawun da manyan motoci suka ƙwaƙule a kwalta, sitiyari na fizgar hannunka.

Sai wani makanike ya tare ni: "Malam, to Audi RS3 fa?" Ya yi gaskiya. Ƙirar 2021 a juye take, 265 a gaba, 245 a baya, saboda nauyin injinta a hanci yake. Zomo ba ya nan. Amma akwai dabbar da gabanta ya fi bayanta ƙarfi, kowa ya san ta. Wannan "takun kura" ne.

Saboda haka ga inda na tsaya: a rubutu, sunan da ya haɗa duka biyun "bambancin taku". A gareji, takun zomo da takun kura. Motar da tayoyinta huɗu girmansu ɗaya ita ce ban samo wa dabba ba tukuna. Makaniken ya ce jaki, na ce masu motar ba za su yafe mana ba.