Me ya sa ma'aikacin banki yake daina yin abin da ba a sa shi ba?

Mai tambaya, daga Garwa:
Assalamu alaikum. Ina shugabantar ƙaramin sashe a reshen wani banki, kuma akwai abin da ya hana ni sakat. A da, idan wata ya ƙare layin masu karɓar albashi ya kai bakin titi, abokan aikina sukan zauna har bayan magariba ba tare da an roƙe su ba, wannan ya taya mai biyan kuɗi daidaita lissafi, wancan ya cike wa dattijon da bai iya Faransanci ba takarda yana yi masa bayani da Fillanci. Tun da aka yi ƙarin girma bara, wanda aka yanke daga Duwala ba a faɗa wa kowa dalili ba, kowa ya tsaya iyakar abin da aka rubuta masa. Albashi kuwa bai ragu ba. Ina gizo yake saƙa?

Tsohon ma'aikaci, daga Marwa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ina bakin aiki lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kaya suka yi tsada, amma ba mu daina taya juna aiki ba, domin wahalar ta sami babba da yaro baki ɗaya. Ma'aikaci yana auna rabonsa ne da na wanda yake zaune kusa da shi, kuma ya fi jure rashin ƙarin girma a kan a ɓoye masa yadda aka zaɓi wanda aka ba. Tun da ba za a iya hukunta shi a kan alherin da ba ya cikin yarjejeniya ba, shi ne abu na farko da zai janye. Ka nemi shugabanninka su ba ka ma'aunin da suka bi, ka tara mutanenka ka karanta musu, ko da ba zai yi musu daɗi ba.

Ma'aikaciya, daga Kuseri:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ina da ƙari. Idan lissafina ya yi giɓi daga aljihuna nake cikawa, amma awannin da na ƙara babu mai rubutawa, alhali dokar ƙwadagon Kamaru ta 1992 ta tsayar da aikin mako a kan awa 40. Yallaɓai, ka fara da rubuta waɗannan awanni, sannan ka saurari wakilan ma'aikata kafin a yanke hukunci, ba bayan an yanke ba.

Wani, daga Injamena:
Malam, ka kuma bincika ko zaman dare na da can son rai ne. Ma'aikacin wucin gadi da yake jiran a tabbatar da shi yakan zauna ne don tsoro, kuma ranar da ya fitar da rai zai tashi da an rufe ƙofa.