Baƙin yashin Guarapari: guba ne ko ba guba ba ne?

Bakatsine: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Bidiyon bakin tekun Guarapari na ƙasar Barazil sai yawo yake yi, mutane na binne kansu cikin baƙin yashi wai maganin sanyin ƙashi, har ana yi wa garin kirari da birnin lafiya. Yashin nan akwai wani ma'adini mai suna monazait a cikinsa, monazait kuwa toriyom yake ɗauke da shi, sinadari mai fitar da radiyeshon. A wasu wurare na Areia Preta, wani bakin teku a garin, na'ura kan nuna maikrosibat (ma'aunin radiyeshon da jiki ke ɗauka) 20 a awa ɗaya, alhali a yawancin garuruwa 0.1 zuwa 0.2 ake gani. Guba ake tallata wa mutane. Ya kamata hukumar garin ta kafa alluna, ta kuma kewaye wuraren da lambar ta fi hawa.

Malamin Fiziks: Malam, janye kalmar guba tukuna. Ɗauki lambar taka: maikrosibat 20 sau awa 2 a rana, sau kwana 7, ya ba ka 280, wato milisibat 0.28. Hoton ƙirji ɗaya a asibiti kusan milisibat 0.1 ne. A matsakaici, mutum a duniya yana ɗaukar kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa, iska, abinci da sararin sama, kusan rabinsa daga radon, wata iska mai radiyeshon, a cikin ɗaki. Mako guda a kan yashin bai kai hoton ƙirji uku ba. Wannan ne guba?

Dakta: Malam, mu a asibiti ba ma ɗaukar hoton ƙirji uku babu dalili. Adadi ne ke mai da abu guba, ƙanƙantarsa ba ta cire shi daga layin. Lissafin ICRP, hukumar duniya mai ba da shawara kan kariya daga radiyeshon, shi ne haɗarin ciwon kansa kusan kashi 5 cikin 100 a kowane sibat ɗaya (milisibat 1,000), kuma ba a sa wani mataki da aka ce ƙasa da shi babu komai ba.

Malamin Fiziks: To Dakta, ƙarasa lissafin mana. Milisibat 0.28 a wannan ma'aunin bai kai mutum 2 cikin 100,000 ba. Idan wannan guba ne, jirgin da ya kai mutum Barazil ma guba ne, don a can sama ana ɗaukar maikrosibat da yawa kowace awa.

Hajiya Mai Ma'adinai: Ku duka kun bi launi. Baƙin nan yawanci wani ma'adini ne mai suna ilmenait, shi monazait launin ruwan zuma ne. Abin da ya haɗa su nauyi: monazait ya kai giram 5 a kowane santimita kubik, yashin gama-gari 2.65. Igiyar ruwa sai ta kwashe mara nauyi ta bar masu nauyin jere-jere. Shi ya sa nan lamba ta hau, taku goma gaba ta faɗi, bayan guguwa kuma wurin ya sauya. Ba kowane baƙin yashi ne ke da toriyom ba.

Bakatsine: Hajiya, ni maganar alluna nake yi.

Injiniya: Kafin alluna, ita 20 ɗin a wane tsayi aka auna ta? A bidiyo ɗora na'urar Geiger suke yi a kan yashi kai tsaye, tana ƙirga har da beta, nau'in radiyeshon da ba ya wuce fata da nisa. Ƙa'ida a riƙe na'ura mita ɗaya daga ƙasa, a jira lamba ta tsaya, a auna wurare da yawa a jere, da na'urar da aka daidaita da siziyom-137. Mai son gaskiya ya ɗebi yashin, ya busar da shi a zafin digiri 105, ya tankaɗe, ya rufe a gwangwani na mako huɗu don kada radon ya tsere, sannan a sa shi a na'urar jamaniyom mai tantance abin da ke fitar da radiyeshon a cikinsa. Wanda ya buɗe gwangwanin da wuri, lambar radiyom za ta fito ƙasa da yadda take.

Malamin Fiziks: Ka ji magana. Kuma abin da aka auna a iska da ma'aunin girei sai an ninka shi da 0.7 kafin ya zama sibat. Masu ihun guba ba sa yin wannan.

Dakta: Wa ya yi ihu? Kun tsaya kan ɗan yawon buɗe ido, kun yi tuya kun manta da albasa. Mai sayar da kaya a bakin tekun fa? Awa 8 sau kwana 250 awa 2,000 ke nan. A maikrosibat 20 ya zama milisibat 40, ninki biyu na 20 da aka iyakance wa ma'aikacin nukiliya a shekara.

Injiniya: Dakta, wane ɗan kasuwa ne zai kwanta a kan wuri ɗaya awa 2,000? Kin ɗauki lamba mafi tsanani kin shafa wa bakin teku gaba ɗaya.

Malamin Fiziks: Ga Kerala a Indiya, inda mutane ke zaune a kan irin yashin tun kaka da kakanni. Binciken Karunagappally da aka buga a 2009 ya bi mutum kusan 70,000 na kimanin shekara goma, bai ga ƙarin ciwon kansa da za a jingina wa radiyeshon ba.

Dakta: Rashin gani ba rashin abu ba ne. Ƙari ɗan kaɗan yakan ɓace cikin taba da sauran dalilai. Binciken INWORKS na 2023, ma'aikatan nukiliya sama da 300,000 a Faransa, Birtaniya da Amurka, ya nuna mace-macen kansa na ƙaruwa da taruwar radiyeshon, har a ƙananan adadi. Ku 'yan fiziks ba ku ke zama da majinyaci ba.

Malamin Fiziks: Ku kuma likitoci kuna rubuta hoton siti na ciki, milisibat 8 zuwa 10 a zama ɗaya, ban taɓa jin kun kira shi guba ba.

Ɗan Jos: Kuna ta faɗa kan Barazil, ga monazait nan a ragowar yashin kuza a Filato, ana ɗiba ana bulo da yaɓe da shi. A bakin teku iska na kwashe toron, iskar radiyeshon da toriyom ke fitarwa, wanda rabinsa ke mutuwa cikin daƙiƙa 56. A ɗaki mai rufaffiyar taga, bango ne ke ba ka radiyeshon na gamma dare da rana, ga ƙurar da masu tankaɗe ke shaƙa. Wannan aikin NNRA ne, hukumar sa ido kan harkar nukiliya ta Najeriya.

Hajiya Mai Ma'adinai: Ƙanena, kada ka ɓata wa Filato suna. Ba kowane tsibin yashi ba ne, sai inda aka zubar da abin da ya rage bayan an ware kuza da kolumbait. Yashin rafi daban.

Ɗan Jos: Yaya, mai tifa yana tambayar daga wane tsibi ne?

Bakatsine: Har yanzu babu wanda ya ce a kafa alluna ko kar a kafa.

Injiniya (mai kula da zaure): Bari in taƙaita, dare ya yi. An amince cewa kalmar guba kuskure ce, kuma lambar 20 ba abin dogaro ba ce tunda ba a auna ta a mita ɗaya ba. Binciken Kerala bai ga ƙarin ciwon kansa ba. Dakta ta kawo wasu alƙaluma na ma'aikatan nukiliya da ba su shafi yashi ba. Batun Jos a buɗe masa zaure daban. Na rufe.

Dakta: Wa ya amince? Kuma wa ya ce maka ba a mita ɗaya aka auna ba?