"Still waters run deep": yabo ne ko gargaɗi?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan uwa. Wani malami ne ya ce da ɗalibarsa mai shiru-shiru "still waters run deep". Abin da ya ɗaure min kai, ruwan da aka ce a kwance yake, ta yaya kuma zai yi gudu? Ai run gudu ne.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Ƙanena, run ta wuce gudun ƙafa. Da ita Bature yake cewa mutum na tafiyar da shago, inji na aiki, ɗan siyasa na takara, hanci na zubar da majina. Har gudawa "the runs" suke ce mata, nan kam mun yi canjaras da su. Da masu ƙamus na Oxford suka sabunta bayaninta a 2011, ma'ana 645 suka ƙirga mata a matsayin aikatau kaɗai, ta ture kalmar set mai 430 a bugun 1989. A nan gudana ake nufi. Inda kogi ya yi zurfi samansa kwanciya yake luf, alhali yana tafiya ta ƙasa. Inda ruwan bai kai gwiwa ba, nan yake ta hayaniya kan duwatsu.

Bazazzagiya: To mu da muke da "ci" me zai ba mu mamaki? A ci zaɓe, a ci bashi, a ci kasuwa, a ci amana, babu wanda ake taunawa. Ni dai yabo na ji. Malamin cewa yake yarinyar na da kai ko da ba ta da surutu. Fankam-fankam ba shi ne kilishi ba.

Bakatsine: Hajiya, a yi min uzuri, gargaɗi ne. A wasan kwaikwayon Shakespeare na Henry VI kashi na biyu, wani bafaden sarki, Suffolk, ya kawo irin wannan magana a kan wani bafaden, Gloucester, kuma zarginsa yake da ƙulla wa sarki makirci a ɓoye. Macijin ƙaiƙayi ke nan, ba mai hankali ba.

Bazazzagiya: Malam, wasan nan ya haura shekara 400. Kuma wa ya faɗa? Maƙiyin Gloucester, mai neman ganin bayansa. Maganar maƙiyi za mu mayar ma'auni?

Malamin Turanci: Ta ma girmi Shakespeare. Marubucin Rum Quintus Curtius ya kawo ta a tarihin sarki Iskandar (Alexander the Great), ya ce karin maganar mutanen Baktiriya, wata tsohuwar ƙasa a tsakiyar Asiya, ce. Zurfi kawai ta ambata, ba ta ce ga abin da ke ƙasan ba. Turawan yau sun fi yin ta da yabo, amma in an faɗe ta ana ɗaga gira, zargi ne.

Ɗan Fagge: Ashe sai na koma na tambayi yarinyar yadda fuskar malamin take a lokacin.

Bakatsine: Ka haɗa da tambayar makin da ya ba ta.