Ƙunshin da muke lissafin faɗuwar damina da shi ya ɓace a Debian 13, in karɓi rainonsa ne?

Mai_Ma'aunin_Ruwa ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure.

Ni ke kula da ɗakin kwamfuta na sashenmu. Kwamfutoci 14 ne, kuma Debian, wani nau'in tsarin Linux, ce a kansu tun zamanin bullseye (Debian 11). Yawancin ɗalibanmu aikinsu a kan ruwan sama yake: yaushe damina ke faɗuwa, yaushe take ɗaukewa, kwana nawa ake yi babu ɗigo a tsakani. Muna haɗa alƙaluman ma'aunin ruwa da muke kwafowa daga rajista da bayanan CHIRPS, wato ƙiyasin ruwan sama daga tauraron ɗan Adam da tashoshi, waɗanda suka faro daga 1981. Akwai wani ɗan ƙunshi, wato manhajar da aka shirya don girkawa a Debian, da duk aikin ya rataya a kansa. Cikinsa Fortran ne, an lulluɓe shi da Python ta hanyar f2py. Shekara huɗu muna girka shi da apt kawai, wato umarnin girka manhaja na Debian, bai taɓa ba mu ciwon kai ba.

A hutun da ya wuce na ɗaga kwamfutoci biyu daga bookworm (Debian 12) zuwa trixie (Debian 13), wadda ta fito ranar 9 ga Agusta 2025, don in gwada kafin in taɓa sauran. Ashe wajen ɗagawar an cire ƙunshin, yana cikin dogon jerin nan da ke wucewa a allo. Sai da wata ɗaliba ta zauna za ta sake fitar da jadawalin babi na huɗu na kundinta, ta kira ni ta ce Malam ya ƙi tashi. Na buga umarnin girkawa, apt ya amsa da `Unable to locate package`.

Na leƙa tracker.debian.org. Wanda ke kula da shi ya ajiye shi tuntuni, an rubuta masa maraya. Akwai rahoton matsala mai tsanani cewa ba ya ginuwa, saboda haka aka fitar da shi daga testing, reshen da ake shirya Debian mai zuwa a cikinsa. Yana nan dai a unstable, reshen da ake fara ɗora ƙunshe-ƙunshe, babu mai taɓa shi. Na sauke tushensa na gwada ginawa da kaina, ya tsaya a nan:

`ModuleNotFoundError: No module named 'numpy.distutils'`

Ɗalibai shida ke gaban kare kundinsu bana. Abin da nake tambaya: mutum irina, wanda bai taɓa haɗa ƙunshin Debian ba, zai iya karɓar rainon wannan marayan? Ko kuwa in haƙura da apt in bi wata hanya? Na fi son apt ne domin a nan data tsada gare ta, kuma da apt-cacher-ng sau ɗaya nake saukewa kwamfutoci 14 su ci.

Ɗan_Autan_Zaure ya rubuta:

Wa'alaikumus salam Yaya. Ni dai shawarata kada ka ɗora wa kanka kayan da ba naka ba ana tsakiyar zango. Sauran 12 ɗin ka bar su a bookworm, ai tana da tallafin tsaro na dogon zango har tsakiyar 2028. Biyun da ka ɗaga kuma ka sa musu Miniforge, mai girka Python daban da na Debian, ka buɗe muhalli mai Python 3.11 da NumPy 1.24, daidai da abin da bookworm ke da shi, ka gina ƙunshin a ciki. Yini guda ya ishe ka. Abin da kawai zan roƙe ka, idan pip ya ce maka `externally-managed-environment`, kada ka tilasta shi da `--break-system-packages`. Na ga kwamfutar da aka yi wa haka, sai da aka sake girka ta daga farko.

Baba_sid ya rubuta:

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, sannu da ƙoƙari.

Maganar Auta gaskiya ce game da ɗaliban nan shida. Kada ka canza wa mai rubuta kundi kayan aiki ana saura wata uku. Amma wannan maganin bana ne. Baɗi fa? Muhallin da ka daskarar zai tsufa a hannunka kai kaɗai, kuma duk wanda ke amfani da ƙunshin a wani wuri zai zauna ya yi irin wahalar da ka yi.

Amsar tambayarka ita ce e, za ka iya, kuma ka fi ni cancanta. Na shekara da shekaru ina taɓa ƙunshe-ƙunshen kimiyya a Debian, abin da ya fi yi mana ƙaranci shi ne mutumin da ya san ko amsar da manhaja ta bayar daidai ce. Ni zan iya sa ƙunshinka ya ginu, amma idan ya ce damina ta faɗi a Fabrairu ba lallai in ankara ba. Kai kuwa kallo ɗaya za ka yi masa.

Ga abin da ya same shi. Python 3.12 ta cire distutils, tsohon kayan gina manhajojinta, shi kuma numpy.distutils a kansa yake zaune, sai ya bi shi. Trixie na da Python 3.13, don haka tsohon setup.py ba shi da inda zai taka. Yanzu da Meson ake gina irin waɗannan. Za ka rubuta meson.build da pyproject.toml, a debian/control kuma ka ƙara python3-mesonpy da pybuild-plugin-pyproject. Idan ka tsallake wannan, na biyu na jiranka: NumPy 2.0 ta fito a Yunin 2024 ta share tsofaffin sunaye. `np.float_` ya koma `np.float64`, `np.NaN` ya koma `np.nan`. Ruff, manhajar duba rubutun Python, na da ƙa'ida mai lamba NPY201 da ke zaƙulo maka su. Fortran ɗin ma ka shirya masa, domin tun gfortran 10 ake ƙin tsohon rubutun da ke miƙa wa aiki ɗaya nau'in lamba daban-daban. Akwai `-fallow-argument-mismatch` da ke rufe bakinsa, amma na fi so ka buɗe ka ga me ake miƙawa. Wani lokaci kuskure ne na gaske da ya shekara ashirin a kwance.

Ka yi sa'a ɗaya: tunda yana unstable, ba sai ya sake bin layin NEW ba, inda ake tantance lasisi fayil bayan fayil. Ka nemo rahoton marayancinsa a WNPP, jerin ƙunshe-ƙunshen da ke neman mai kula, ka canza masa kai daga O (maraya) zuwa ITA, wato ka sanar cewa kana da niyyar ɗauka. Ka buɗe asusu a Salsa, ma'ajiyar tushen ƙunshe-ƙunshen Debian, ka nemi shiga ƙungiyar Debian Science. Kada ka ɗauke shi da sunanka kai kaɗai. Ka sa ƙungiya a gurbin Maintainer, sunanka a Uploaders, ta yadda ranar da jarrabawa ta sha maka kai wani zai iya ɗora gyara ba sai ya jira ka ba. Marayun nan da yawansu haka suka samu kansu: mutum ɗaya ne ya riƙe, ya gama digirinsa, ya samu aiki a wani fanni, shi ke nan.

Kowane gyara ka yi shi faci daban a debian/patches, da bayani a samansa. Sannan ka aika wa masu asalin manhajar. Wannan kada ka yi masa kasala. Facin da ka riƙe a wurinka, duk sabon zubin da suka fitar sai ka sake zama ka daidaita shi. Wanda suka karɓa kuwa ka huta da shi har abada.

Ka gina da sbuild, mai ginawa a tsaftataccen muhalli, ba a kan kwamfutarka kai tsaye ba, domin taka cike take da abubuwan da ka manta ka girka, sai ƙunshi ya ginu a wurinka ya ƙi a wurin kowa. Ka bi shi da lintian, mai duba ko ya bi ƙa'idojin Debian. Tunda ba ka da izinin ɗorawa tukuna, sai wani cikakken mamba ya duba ya ɗora maka. Ni zan yi, in sha Allahu, amma ka sani zan dawo maka da shi sau biyu ko uku, musamman a kan debian/copyright.

Trixie dai ta riga ta wuce shi, ba a shigar da sabon ƙunshi cikin stable. Idan ya koma testing, wato forky, sai a yi masa backport, wato a sake gina shi don trixie, ka samu apt ɗinka ta trixie-backports.

Malama_Agro ta rubuta:

Assalamu alaikum. Daga Yamai nake rubutu, kuma aikinmu ɗaya da kai Malam, shi ya sa na kasa wucewa.

Baba ya faɗi yadda za a sa shi ya ginu. Ni tsorona ranar da ya ginu ne. Bari in ba ka abin da ya faru da ni.

Ma'aunin da muke bi, ina jin ku ma shi ne, wanda Sivakumar ya fitar a 1988 don yankin Sahel da Sudan: bayan 1 ga Mayu, ranar da ruwan kwana uku a jere ya kai milimita 20, kuma cikin kwana 30 da ke biye ba a yi fiye da kwana 7 babu ruwa ba. Da na koma NumPy 2, rubutuna ya tashi lafiya, babu ko gargaɗi. Sai na lura a wata tasha, a shekara guda, ranar faɗuwar damina ta matso baya da kwana 19. Na yi kwana biyu ina zargin fayil ɗin. Daga baya na ɗauko rajistar da hannu na duba kwanakin: 8.4, 8.4, 3.2. Ɗan firamare ma zai ce maka 20 ne cif.

Alƙaluman a float32 suke ajiye, wato lamba mai ɗigo ta bit 32 da ba ta kai float64 daidaito ba, inda 8.4 ba ta cika 8.4 ba, 8.3999996 ce. Rubutun yana fara tarawa daga `0.0` yana ƙara kowace rana. A tsohuwar NumPy, idan ka haɗa lambar Python da float32 guda ɗaya, sakamakon float64 ne, sai jimillar ta fito 19.9999993, ba ta kai 20 ba, aka tsallake ranar. A NumPy 2 an canza wannan ƙa'ida, lissafin na zama a float32, sai ya zagaye zuwa 20.0 daidai. Ka ga ke nan sabuwar amsar ce ta dace da rajista. Tsohuwar ce ke da kuskure, kuma da ita na yi shekaru ina aiki. Raina ya ɓaci sosai a ranar, domin irin wannan kwanan wata shi ake kai wa manomi a ce ya fitar da irin gero.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, je ka kan ɗaya daga cikin 12 ɗin da ke bookworm, ka ɗauki tashoshi uku ko huɗu da ka sani kamar tafin hannunka, ka fitar da amsoshinsu ka adana. Bayan gyara ka kwatanta. Duk inda suka saɓa, ka koma rajista, kada ka ɗauka tsohon ne mai gaskiya. Sannan ka mayar da wannan kwatancen gwajin autopkgtest a debian/tests, da ɗan ƙaramin fayil da lasisinsa ya yarda a raba. Amfaninsa babba ne: duk ranar da aka ɗora sabuwar NumPy a unstable, injinan Debian za su gudanar da gwajinka, idan ya faɗi a tsayar da ita kafin ta shiga testing. A gwajin kuma kada ka ce lamba mai ɗigo sai ta yi daidai da wata ɗigo da ɗigo, ka ba da ɗan rangwame da `assert_allclose`. Debian na ginawa a kan nau'o'in inji daban-daban, arm64 da s390x da riscv64 da sauransu, kuma lambar ƙarshe kan bambanta. A s390x jerin bayit ɗin ma a juye yake, idan Fortran ɗinku na karanta fayil ɗanye, a can zai tona kansa.

Ranar faɗuwar damina kam babu rangwame a kanta, ko dai ranar ce ko ba ita ba. Ni na gyara nawa ne da zagaye jimillar zuwa ɗigo ɗaya kafin a kwatanta da 20, tunda ma'aunin ruwan ma iyakar abin da yake karantawa ke nan.

Mai_Ma'aunin_Ruwa ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya.

Auta, na bi maganarka, 12 ɗin na nan a bookworm har ɗaliban su kare. Ɗalibar nan ma na mayar da ita kan ɗaya daga ciki, jadawalinta ya fita.

Malama, jiya da daddare bayan na karanta saƙonki na kasa barci, na buɗe tushen na nemi inda ake tarawa. Layin na nan kamar yadda kika kwatanta, `total = 0.0`, sannan madauki a ƙarƙashinsa. Yau da safe na fitar da amsoshin tashoshi huɗu na shekara 30 na ajiye a filasha biyu. Na kuma sa a nemo min duk inda jimillar kwana uku ta faɗa tsakanin 19.99 da 20, na samu wuri biyu. Ɗaya bai canza komai ba, domin fari ya biyo bayansa. Ɗayan yana cikin bayanan wani ɗalibinmu, gobe zan zauna da shi da mai duba aikinsa da rajistar a gabanmu.

Baba, na canza rahoton zuwa ITA, na kuma nemi shiga ƙungiyar a Salsa. Sbuild ya ci min data ba kaɗan ba wajen kafa muhallin unstable, wuta kuma ta ɗauke ana tsakiya, amma da na nuna masa apt-cacher-ng karo na biyu bai sake sauke abin da ya riga ya sauka ba. Meson ya karɓi fayilolin Fortran bakwai daga cikin tara. Biyun da suka rage suna kukan `Type mismatch` a wani aiki da ke karɓar yawan kwanaki: wuri ɗaya ana miƙa masa INTEGER, wani wurin REAL. Ban sa tutar da ka ambata ba. Na tura reshen a Salsa, layi na 212 ne a fayil na biyu, in ka samu sarari ka duba min ko na fahimci abin da marubucin ya nufa kafin in rubuta wa masu asalin.