Yaya ake toshe sabobin wasa masu nuna 'yan wasan bogi?

Sabon_Shiga: Assalamu alaikum. A jerin sabobin Team Fortress 2, wasan kwamfuta na harbe-harbe da ake yi a intanet, nakan ga saba (wato kwamfutar da 'yan wasa ke haɗuwa a kanta su yi wasa tare) ta kusa cika, amma da na shiga sai in tarar babu kowa, ko kuma a karkatar da ni zuwa wata sabar daban. Ta yaya zan daina ganin irinsu?

Dattijon_Wasa: Wa alaikumus salam. Sabar ce da kanta take sanar da adadin mutanen da ke cikinta, saboda haka mai ita yana iya kumbura lambar domin ya jawo jama'a, tunda ba wanda yake son shiga filin da ba kowa. Ka danna sunanta da maɓallin dama na linzami, ka saka ta cikin jerin waɗanda aka toshe, ba za ta sake bayyana maka ba.

Mai_Lura: Kafin ka shiga, malam, ka buɗe bayanan sabar. Idan kowane ɗan wasa da aka lissafa makinsa sifili ne, kuma lokacin shigarsu kusan ɗaya ne, to akwai lauje cikin naɗi.

Dattijon_Wasa: Haka ne, sai dai toshewar tana bin adireshin IP ne, wato lambar da ake gane sabar da ita a intanet, masu wannan ha'inci kuwa sukan buɗe adireshi da yawa, don haka dole ka riƙa sabunta jerin naka.