Batirin mutuwa ya yi ko suma?

Mai Bututu: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Wata bakwai da suka wuce na kafa mitar auna gudun ruwa a wani bututu can cikin daji, tafiyar awa uku. Wanda ya haɗa min kayan ya rantse batirin lityum mai 20Ah (Ah ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne) da fanel ɗin sola mai wat 20 za su riƙe ta shekaru. Shekaranjiya bayanai suka daina shigowa, na je na tarar batir ya mutu murus. Lityum yaudara ce, kowa ya kiyaye.

Ɗan Sola: Oga sannu. Amma da me ka tabbatar ya mutu?

Mai Bututu: Na gwada bakinsa, sifili na gani.

Ɗan Sola: To wannan suma ce. Batirin lityum irin LiFePO4 akwai BMS a cikinsa, wato na'urar da ke kare batirin, idan caji ya yi ƙasa sosai sai ya yanke wuta don kada ƙwayoyin su lalace. Ka ba shi caji da cajar da za ta iya tada shi, zai farfaɗo.

Dattijo: Suma? Yaro, suman da babu mai yayyafa ruwa a kusa ai mutuwa ce. Kwantirola, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin fanel da batir, da yawansu sai sun ga wutar batir kafin su fara aiki. BMS ya yanke, kwantirola ta ga sifili, rana ta fito ta faɗi ba abin da ya shiga. Da batirin jel ne da bai yi masa haka ba.

Ɗan Sola: Baba, jel ɗin zai ci gaba da zuba har ya ƙafe, farin gishirin nan ya kama farantansa. Shi ne mai mutuwar da ba a dawowa. Kuma zafi na cin sa, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 kusan rabin rayuwarsa ke tafiya. Sannan don Allah a daina ce min yaro.

Dattijo: Naka fa, da ba a yi masa caji in sanyi ya kai ƙasa da sifili? Ina ɗaura batir tun kafin ka san kan waya mai ja da baƙi.

Hajiya Injiniya: Ku dakata mana. Malam Mai Bututu, mitar da na'urar aika bayanan wat nawa suke ci?

Mai Bututu: Kamar wat 2 gaba ɗaya, Hajiya.

Hajiya Injiniya: Wat 2 sau awa 24, wat-awa 48 (48Wh) ke nan a rana, wato 4Ah a kan bolt 12. Batirinka kwana biyar ma ba zai cika ba in babu rana. Fanel mai wat 20 kuwa, a ce ya samu awa huɗu na rana mai ƙarfi, a cire asarar zafi da waya da kwantirola, abin da zai rage bai wuce 55Wh ba. Da ƙyar yake ciyar da mitar, ina ya ga rarar da zai cika batir bayan kwanakin hadari? A ina ka ɗora shi?

Mai Bututu: A jikin turken eriya, ƙasa da akwatin kayan. Akwai wata bishiya a gefe amma ƙarama ce.

Hajiya Injiniya: Ikon Allah. Ƙwayoyin fanel a jere suke, inuwar turke a kan guda ɗaya tana iya karya ƙarfin layin duka. Bishiyar kuma tsawonta na wata bakwai da suka wuce ba shi ne na yau ba.

Sabon Shiga: Ni a ganina a juya fanel gabas ya kama ranar safe.

Ɗan Sola: Da yamma kuma ka je ka juya shi da hannu? In kana arewa da ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, kudu zai kalla, in kana kudu ya kalli arewa. A karkata shi aƙalla digiri 10 zuwa 15 don ruwan sama ya wanke ƙura da kashin tsuntsu.

Dattijo: Kar ka gudu daga magana. Ya mutu ko bai mutu ba?

Ɗan Sola: Bai mutu ba!

Dattijo: Mitar tana aiki?

Ɗan Sola: Wannan wata tambaya ce daban.

Sabon Shiga: Ni dai raina min wayo aka yi, tambaya kawai na yi.

Hajiya Injiniya: Ba tambaya ka yi ba ƙanena, shawara ka bayar. Malam, in ka sa na'urar ta riƙa aika bayani sau ɗaya a awa maimakon kowane minti, cin wutar zai ragu sosai. Akwai mai saurare na kuwa?

Admin: To jama'a, a tsaya haka. Abin da na fahimta: an yarda lityum na iya barin mutum a daji ba sallama, kamar yadda Baba ya bayyana da hujja. Jel dai shi muka sani, ni ma shi nake sakawa, a ɗauki mai 40Ah tunda rabinsa kawai ake ci. Hajiya ta kawo wasu lissafe-lissafe, mun gode. Matasa a riƙa girmama manya.

Ɗan Sola: Wa ya yarda? Yaushe?

Mai Bututu: Ni fa batirin yana bayan motata tun shekaranjiya. In kai shi caji ko in jefar?